An ba Inna maganin zuciya alhali tana da ciwon huhu, Yaya ya hana ta sha

Tambaya

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta kai shekara 66. Ta daɗe tana suyar ƙosai da icce a cikin zaure, kuma ba ta taɓa shan taba ba. Shekarun baya ta fara tari da haki, likita ya ce hayaƙi ne ya ɓata mata hanyoyin numfashi, ciwon da suke kira COPD, ya rubuta mata inhela, wato maganin shaƙa, iri biyu. Watannin baya kuma ƙafafunta suka kumbura, aka yi mata hoton zuciya, aka ce zuciyar ta yi rauni, aka ƙara mata bisoprolol da lisinopril da furosemide. Ta ji sauƙi sosai. Sai babban yayanmu ya karanta takardar da ke cikin kwalin bisoprolol, ya ga gargaɗi ga masu matsalar numfashi. Ya tambayi wani mai kemis, shi ma ya ce maganin yana toshe ƙirji. Yaya ya ce a daina ba ta, kuma kusan mako biyu ke nan ba ta sha ba. Yanzu kumburin yana dawowa, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo, ga wani busasshen tari da ke hana ta barci. Ni nake jinyarta, amma ni ce auta, maganata ba ta wuce ta Yaya. Likitan ne ya yi kuskure? Ko in ci gaba da ba ta a ɓoye?

Wata 'yar'uwa daga Gusau

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kafin komai, ku mayar da ita wurin likitan da ya rubuta maganin, yau ko gobe. Kada ku jira ranar da aka rubuta mata a kati. Kumburin ƙafa da ya dawo, ga mutum ya kasa kwanciya sai a jingine, alama ce ta ruwa ya fara taruwa a jiki, har da cikin huhu, domin zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata. Idan kuwa kika ga tana haki alhali tana zaune ba ta aikin komai, ko ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko leɓenta ya canja launi, ko ƙirji na mata ciwo, ko ta fara ruɗewa da yawan barcin da ba na lafiya ba, to babu maganar gobe. A tafi sashen gaggawa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Kada ki ba ta a ɓoye. Ba don Yaya na faɗi haka ba, don ita Innar ne. Ba a fara bisoprolol lokacin da jiki ke cike da ruwa. Sai an janye ruwan, numfashi ya daidaita, sannan a soma da ɗan kaɗan, yawanci miligiram 1.25 a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali ana duba bugun zuciya da awon jini. Wadda ta yi kusan mako biyu rabonta da shi, ga kumburi, idan aka mayar mata da adadin da take sha a da kai tsaye, ana iya ƙara dagula mata numfashin. Wannan hukunci na wanda zai saurari ƙirjinta ne da kunnensa, ba nawa ba daga nesa, ba kuma naki ba.

A kan abin da kika rubuto, likitan bai yi kuskure ba. Abin da ya yi shi ne abin da ƙa'idar aikin ta tanada. Amma tsoron Yaya ma yana da tushe, kuma idan kin san tushen za ki fi iya yi masa bayani.

Akwai wani sinadari a jikin mutum, adirenalin, wanda ke tashi idan an firgita ko an sheƙa da gudu. Yana da wuraren kamawa iri biyu da suka shafi maganarmu. Na farko ana ce musu bita 1, sun fi yawa a zuciya, kuma idan ya kama su zuciya takan ƙara sauri da ƙarfi. Na biyu bita 2, suna jikin hanyoyin iska na huhu, idan ya kama su hanyoyin sukan buɗe. Shuɗiyar inhelar nan ta salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, a kan bita 2 take aiki, shi ya sa mutum ke jin ƙirji ya sake shi bayan ya shaƙa. Su kuwa magungunan da ake kira bita-buloka, tare waɗannan wurare suke yi. Wanda ya fara yin suna a cikinsu shi ne propranolol, wanda James Black ya samar a Birtaniya a shekarun 1960, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1988. Propranolol ba ya bambancewa, yana tare na zuciya, yana tare na huhu. Mai asma idan ya sha shi ƙirji na iya rufewa, inhela kuma ta kasa buɗewa, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Daga nan gargaɗin ya fito, ya shiga littattafai, ya zauna a kan likitoci da masu kemis har yau.

Daga baya aka samar da waɗanda suka fi karkata ga zuciya, irin su bisoprolol da metoprolol da nebivolol. Ba wai ba sa taɓa huhu ko kaɗan ba ne, musamman idan adadin ya yi yawa, kuma dalilin da ya sa kamfani ke rubuta gargaɗi ke nan. Sai dai da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu COPD, ana auna ƙarfin numfashinsu kafin su fara sha da bayan sun fara, ba a ga ya ragu ta yadda zai cutar da su ba, inhela kuma ta ci gaba da yi musu aiki. Kwamitin ƙwararru na duniya mai suna GOLD, wanda ke sabunta ƙa'idojin kula da wannan ciwo kowace shekara, matsayinsa a bayyane yake: mai COPD da ke da raunin zuciya a yi masa magani kamar yadda za a yi wa kowa, a zaɓa masa bita-buloka mai karkata ga zuciya.

A nan akwai abin da nake so ki tambayi likita da bakinki. Mu a wurinmu duk wanda ƙirjinsa ke kuka sai a ce asma gare shi, alhali ciwo biyu ne daban. Asma takan fara tun ƙuruciya, ta taso ta lafa, tsakanin tasowa da tasowa mutum garau. COPD kuwa takan bayyana bayan shekara 40, bayan an daɗe ana shaƙar hayaƙin taba ko na icce ko ƙurar wurin aiki, kuma toshewarta ba ta warwarewa gaba ɗaya. Mai asma ta gaskiya, musamman mai tsanani, shi ne aka fi jiye wa bita-buloka. Abin da ke raba gardama gwajin hura iska ne, sifirometiri. Mutum zai cika ƙirji ya hura da iyakar ƙarfinsa cikin na'ura, a ba shi inhela, ya sake hurawa. Idan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya fitar ba, ko bayan inhelar, to toshewar zaunanniya ce. Ki tambaya ko an yi wa Inna wannan gwaji. Idan ba a yi ba, kuma babu na'urar a inda kuke zuwa, ku nemi a tura ku babban asibiti, irin na koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya. Ki kuma tambayi Inna da 'yan'uwanta ko tun tana yarinya ƙirjinta na kuka, domin likita na buƙatar sanin haka.

To me ya sa za a ba mai rauni a zuciya maganin da ke rage wa zuciya gudu? Zuciyar da ta gaza kamar jakin da kaya ya yi wa yawa ne, jiki kuma ya dinga tsula masa bulalar adirenalin dare da rana don ya ƙara sauri. Zai ƙara na ɗan lokaci, amma bulalar ce za ta ƙarasa shi. Bisoprolol bulalar yake karɓewa, zuciya ta samu sararin cika da jini kafin ta tura, kuma bugun nan na hargitsi da ke kashe mutum farat ɗaya ya ragu. A 1999 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji na Turai mai suna CIBIS-II, a kan mutum 2,647 da ƙarfin matsawar zuciyarsu ya ragu. Cikin waɗanda aka ba bisoprolol, kashi 11.8 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa kashi 17.3. Bambancin ya yi girman da aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, domin ba daidai ba ne a ci gaba da hana rabin mutanen abin da ya tabbata yana amfani. Ajali na hannun Allah, wannan ba abin ja ba ne, amma an umarce mu da neman magani, kuma wannan na cikin 'yan magungunan zuciya da aka ga tasirinsu ƙarara. Furosemide yana janye ruwa, mutum ya ji daɗin jikinsa nan take, shi ya sa iyalai suka fi riƙe shi. Bisoprolol ba a jin aikinsa a rana ɗaya, shi ya sa shi ake fara jefarwa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai COPD ba huhunsa kaɗai ake tsoro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, shi ne na huɗu a jerin abubuwan da suka fi kisa a duniya a wannan shekarar. Amma cikin masu ɗauke da shi, musamman waɗanda nasu bai kai maƙura ba, da yawa ciwon zuciya ne ke zama sanadinsu. Hayaƙin da ya ɓata hanyoyin iska shi ne ke ɓata jijiyoyin jini. Kuma a kwanakin farko bayan ciwon ƙirji ya taso da ƙarfi, haɗarin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, yana ninkawa. Duk da haka, a ƙasashe da yawa an lura masu COPD su ne aka fi hana wa bita-buloka ko da suna buƙatarsa, saboda tsohon tsoron nan. A 2013 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa wani bincike na Ingila da ya bi bayanan masu COPD sama da 1,000 da suka yi bugun zuciya na farko, aka ga waɗanda aka ɗora a kan maganin sun fi waɗanda ba a ɗora ba tsawon rai.

Akwai ɗaya ɓangaren, kuma gara ki ji shi daga gare ni kafin Yaya ya ci karo da shi a intanet. Ganin irin waɗancan sakamako, wasu masana suka yi zaton ko bita-buloka na iya rage tasowar ciwon huhun shi kansa, har ga wanda zuciyarsa lafiya lau. Aka gwada a Amurka da metoprolol a kan mutum 532, gwajin da ake kira BLOCK COPD, aka wallafa a 2019. Bai rage tasowar ciwon ba, hasali ma waɗanda suka sha sun fi yawan kwanciya a asibiti saboda ƙirji, aka tsayar da gwajin. Aka sake gwadawa a Birtaniya da bisoprolol a kan mutum sama da 500, gwajin BICS, aka wallafa a 2024. Shi ma bai rage ba, amma bai ƙara musu matsalar numfashi ba. Ki lura da wannan da kyau: duka gwaje-gwajen biyu an yi su ne a kan waɗanda ba su da ciwon zuciyar da ke wajabta maganin, irin su Inna ba sa ciki. Saboda haka bita-buloka ba maganin huhu ba ne, kuma kuskure ne a bai wa mai COPD shi haka kawai. Amma wanda zuciyarsa ta yi rauni, ko ya taɓa bugun zuciya, ciwon huhu bai zama hujjar hana shi ba. Inna a wannan rukuni take.

Yankewa farat ɗaya ma haɗari ne na kansa. Jikin da ya saba da maganin, idan aka cire shi kwatsam zuciya takan ɗauki gudu, jini ya hau, wani ma har ya kai ga bugun zuciya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko likita ne zai cire shi, sannu sannu yake ragewa.

Idan aka mayar mata, makonnin farko tana iya jin kasala ko jiri in ta miƙe da sauri, yawanci kuma yana wucewa. Ki koyi ƙirga bugun zuciyarta a wuyan hannu na minti ɗaya cur, da safe kafin ta sha. Idan ya gaza 50, ko ta suma, ko kika ga kukan ƙirji ya ƙaru tana yawan neman shuɗiyar inhela fiye da da, ki sanar da likita a ranar. Akwai yadda za a gyara, a rage adadi ko a canja wani.

Busasshen tarin nan kuwa, ba bisoprolol nake zargi ba, tunda ma ba ta shan sa. Ruwa a huhu yana sa tari idan an kwanta. Lisinopril ma sananne ne da jawo busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro ga wajen mutum 1 cikin 10, kuma idan shi ne, ana musanya shi da irin su losartan. Shi ma kada ku cire da kanku. Abu ɗaya ne ba a jira a kansa: idan leɓe ko harshe ya kumbura, a daina shi a garzaya asibiti. Sannan tarin da ya wuce mako biyu a ƙasar nan, musamman in akwai rama ko zufar dare, a gwada kaki don tarin fuka, kada a jingina komai ga tsohon ciwo.

Ranar zuwa asibiti ki zuba duk abin da Inna ke sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da maganin ɗigawa a ido. Na ambaci na ido ne domin timolol da ake ba masu hawan ruwan ido bita-buloka ne irin wanda ba ya bambancewa, kuma yana shiga jini ya kai ga huhu. Ki duba ko tana shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa, kamar yadda tsofaffi da yawa ke yi. Waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna taɓa ƙoda, suna iya rushe duk aikin furosemide. Magungunan mura masu buɗe hanci suna ƙara wa zuciya gudu, suna tayar da hawan jini. Ƙwayoyin ƙirji masu theophylline ko aminophylline da ake saya ba takarda suna hargitsa bugun zuciya idan sun yi yawa a jini, ballantana in an haɗa su da ciprofloxacin ko erythromycin. Prednisolone kuma na 'yan kwanaki ne idan ciwo ya taso, ba na kullum ba, don yana tara ruwa yana tayar da suga. Ki tambaya a yi mata gwajin ƙoda da na sinadarin potasiyam, domin furosemide da yawan Ventolin suna rage shi, lisinopril yana ƙara shi, kuma zuciya ba ta son ya yi ƙasa ko ya yi sama.

Inhelarta ta kullum kuwa ta ci gaba da ita. Kada tsoro ya juya ta wancan gefen a ce ita ma tana taɓa zuciya. Ki sa a duba yadda take shaƙa, domin tsofaffi da yawa maganin a baki yake tsaya musu.

A gida, wahalar mai ciwo biyu ita ce haki iri ɗaya ne a ido, ba a gane na huhu ne ko na zuciya. Sikeli zai taimake ki. Ki auna ta kowace safiya bayan ta yi fitsari, ki rubuta. Idan ta ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, ba ƙiba ba. Idan kuwa kaki ne ya ƙaru ya koma ɗorawa ko kore, ya fi kama da huhu. A rage gishiri da dunƙulen miya, a bar kanwa, domin ita ma sinadarin gishiri ne ya cika ta. Suyar ƙosai da icce ta ƙare mata, ko da sana'ar za ta koma hannun wata, kuma kada ta zauna kusa da murhun. A fitar mata da turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa daga ɗaki, a ɗaura gidan sauro. Da hunturu ta rufe hanci in za ta fita.

Saura Yaya. Kada ki je masa da cewa ya yi kuskure, domin abin da ya yi ƙaunar mahaifiyarsa ce ta sa shi, kuma ɗan da zai zauna ya karanta takardar cikin kwali ba shi ne matsalar gida ba. Ki nuna masa ƙafar Inna, ki gaya masa yadda take kwana a zaune, ki ce masa, Yaya, ka zo mu je tare ka yi wa likita tambayar nan da kanka, ka riƙo takardar. Ya tambaya ko asma ce ko COPD, ya tambayi abin da hoton zuciya ya nuna, ya tambayi dalilin da ya sa aka zaɓi bisoprolol ba wani ba. Likita na gari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Idan ya ƙi sauraronki, ki bi ta hannun wanda yake jin nauyi, kawu ko gwaggo, a yau ɗin nan. Kuma a yi maganar a gaban Inna, a tambaye ta yadda ta ji jikinta lokacin da take sha da yadda take ji yanzu, domin jikinta ne, kuma tana da ta cewa. Ko Yaya ya samu zuwa ko bai samu ba, kada tafiyar ta wuce gobe. Ku gaya wa likita gaskiyar ranar da aka daina ba ta maganin, kada a ɓoye don jin kunya, domin a kan wannan ranar zai yi lissafin adadin da zai mayar da ita.

Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa.